Direban Nvidia ya ƙi aiki a Ubuntu Studio (nau'in Linux na masu aikin sauti da bidiyo)

mai_kiɗa: Salam 'yan uwa don Allah a taimaka, na sa direban Nvidia (manhajar da ke sa katin hoton kwamfuta aiki) na fayil ɗin .run daga shafinsu, ina ristat kawai allo ya yi baƙi ƙirin, ga aikin mutane a manhajar haɗa sauti ta Ardour ana jirana.

injiniyan_sauti: Ɗan uwa danna Ctrl+Alt+F3 ka shiga, ka buga sudo nvidia-uninstall, sannan sudo ubuntu-drivers install. Wannan .run ɗin in ba DKMS (abin da ke sake gina direba da kansa bayan sabuntawa), da kernel, wato zuciyar Linux, ya canza shikenan ya lalace.

yar_linux: Malam ka duba Secure Boot ma (tsaron da ke tantance abin da zai tashi in an kunna kwamfuta), in yana kunne direban da ba shi da sa hannu ba zai tashi ba.

mai_kiɗa: Allah ya saka da alheri allo ya dawo, saura sauti da yake tsinkewa in na ƙara plugin (ƙaramar manhajar gyaran sauti) a Ardour.