Shin Tsoro Ne Kaɗai Ke Haɗa Kan Kiristocin Arewa?

Ɗan Sabon Rai, Kaduna: Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ni dai a ganina haɗin kanmu na tsoro ne kawai. Ranar da aka kawo hari, ɗan cocin ECWA da ɗan Katolika a majami'a ɗaya suke kwana. Ƙura na lafawa kowa ya koma ɗarikarsa, har a hana yarinya auren wanda take so don baftismarsa ta yayyafi ce, ba ta nitso ba.

Uwar Zumunta, Mubi: Ɗana, maganarka ta yi mini zafi. A Oktoban 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma kama hedkwatarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi, da ƙafa muka gudu. A Yola, cocin St. Theresa na Katolika ya buɗe ƙofa ga dubban 'yan gudun hijira ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza. Babu wanda aka tambaya wace irin baftisma aka yi masa kafin a zuba masa abinci. Mai jin tsoro ƙofarsa yake kullewa, ɗana. Wanda ya buɗe, ƙauna ce ta sa shi.

Dattijo, Jos: Yaron nan bai san tarihi ba ne. An kafa TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, tun 1955, wane hari aka kawo a lokacin? Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma duk ɗarikun mishan da shi suka yi wa'azi. A Bukuru, makarantar tauhidi ta TCNN ta daɗe tana horar da fastocin cocin COCIN da EYN da na Lutheran a aji ɗaya. Ita kanta rabuwar, yawancinta gado ne. Turawan mishan suka raba ƙasa: ƙungiyar mishan ta SUM ta sauka Wase a 1904, Lutheran a Numan a 1913, mishan na 'Yan'uwa, tushen EYN, a Garkida a 1923. Kakanninmu ba zaɓen koyarwa suka yi ba, wanda ya iso garinsu da bishara shi suka bi.

Katekis, Zariya: Baba, gaskiya ne, amma kada mu rufe ciwo da zane. Har yau ba ma cin Jibin Ubangiji tare, kuma ba ƙiyayya ce ta hana ba, abin da muka gaskata game da gurasar da ƙoƙon ne ya bambanta. CAN ma, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya da aka kafa a 1976, sai da Katolika ta janye daga harkokinta na ƙasa na wani lokaci, zamanin shugabancin Ayo Oritsejafor.

Malamar Lahadi, Jalingo: Ku zo Taraba ku gani. Tun 2024 da cocin Methodist ta dare biyu, 'yan gida ɗaya ke jayayya kan majami'u da filaye, har an yi asarar rayuka. Babu baƙon da ya kawo mana wannan. Yara na tambayata dalili a aji, bakina ya yi nauyi.

Ɗan Sabon Rai, Kaduna: To kun ji. Mama, ban raina abin da aka yi muku a Yola ba, amma ai shi ma lokacin wahala ne.

Baba Fasto, Biu: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ya kamata mu shugabanni mu ji kunya. Amma ka karanta 1 Korintiyawa. Tun manzanni na da rai wani ke cewa shi na Bulus ne, wani na Afolos, kuma duk da haka Bulus ya kira su tsarkaka. A Yohanna 17, Yesu ya roƙi Uba mu zama ɗaya a daren da za a bashe shi, ya kuwa san Bitrus zai yi musunsa kafin gari ya waye. Begena a kan addu'ar nan yake, ba a kan halinmu ba. Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, da aka kashe a Janairun 2020, ba don cocinsa na EYN ya mutu ba. Sunan Almasihu ya ƙi musantawa, sunan da kai ma kake ɗauke da shi.

Uwar Zumunta, Mubi: Amin, Baba. Amma batun auren nan da yaron ya kawo, babu wanda ya amsa masa. Mu mata mun sha ganin hawayen 'ya'yanmu a kansa. Ku fastoci da dattawa, wa zai fara kai shi gaban majalisar ikkilisiya?