Neman kalma: ƙarfe ɗaya muke da shi, darasin yana da huɗu

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasi na masu son kafa ɗan wurin aikin ƙarfe a gida, ga shi na maƙale a babin sayen kaya. Darasin ya ce sabon shiga ya fara da mayil sitil, ya ƙyale tul sitil da kas ayon da sitenles sai hannunsa ya faɗa. Da na fassara sai ya fito: sayi ƙarfe, kada ka sayi ƙarfe. Mayil sitil ɗin nake nema wa suna.

Ɗalibar Hausa: Wa alaikumus salam. Baƙin ƙarfe bai yi ba?

Malamin kimiyya: Bai yi ba, uku daga cikinsu duk baƙaƙe ne. Yawan sinadarin kabon da ke cikinsu ne ya raba su. Mayil yana da kamar kashi 0.05 zuwa 0.25 cikin ɗari. Tul sitil, wanda ake yin magagari da kurfi da shi, ya kama daga 0.6 har ya wuce 1. Kas ya haura kashi 2. Sitenles kuwa kuromiyom aka haɗa masa, aƙalla kashi 10.5. Ni dai "ƙarfe mai ƙarancin kabon" zan ce.

Mai kishin harshe: Kalma huɗu don abu ɗaya, kuma ta ƙarshen ma aro ce? Haba Malam. Da aka rasa sunayen nahawu ai an samar da aikatau da bayanau, sun kuwa zauna. A ce wa mayil lanƙwasau. Mai taurin nan gagarau. Kas, tunda fashewa yake, fashau. An gama.

Ɗalibar Hausa: Gagarau ya yi daɗi wallahi.

Tsohon mai walda: Daɗi a kunne. Ranka ya daɗe, sanholo ma yana lanƙwasuwa, jan ƙarfe ma haka. Gagarau ɗin naka, ka gasa shi ya yi ja ka bar shi ya huce a hankali cikin toka, zarto zai yanka shi ba gardama. Abin da ya sa ake ba yaro mayil shi ne yana karɓar walda, yana yankuwa, yana huduwa bai cinye bakin abin huda ba. Ka gasa shi ka tsoma a ruwa, ba zai yi wani taurin kirki ba, shi ya sa ba a wuƙa da shi. In an ba ka guntu ba ka san ko wane ne ba, ɗora shi a giranda, injin gurza ƙarfe. Mayil tartsatsinsa dogaye ne, ba yawan rassa. Mai kabon da yawa kuwa tartsatsin fashewa yake kamar taurari.

Mai kishin harshe: Giranda. Walda. Ka ji ko? Masu uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi, waɗanda suka narka tama tun kafin a san injin, yau ga jikokinsu suna bara da ƙoƙo a ƙofar Turanci.

Tsohon mai walda: Shekara talatin ina wannan barar, da ita na ciyar da iyali. Ka tura yaro wurin mai sayar da ƙarfe ya ce a ba shi lanƙwasau tsawon ƙafa shida, ka ga abin da zai dawo da shi.

Malamin kimiyya: Littafi da alƙalami ma daga Larabci muka aro su, ba wanda ya kira shi bara.

Mai kishin harshe: Wancan aro ne da ya shekara ɗaruruwa har ya zama ɗan gida. Wannan lalaci ne.

Ɗalibar Hausa: Baba, a yi haƙuri, amma sitenles fa? Mu silba muke ce masa.

Malamin kimiyya: Silba ana kiran kwanon sanholo da ita, asalinta kuma azurfa. Kada a sa ta a darasi. Ƙarfe marar tsatsa ya fi.

Mai fassara: Jama'a, dare na yi. Ga abin da na rubuta: kas, ƙarfen zubi. Sitenles, ƙarfe marar tsatsa. Tul sitil, ƙarfe mai yawan kabon. Mayil, ƙarfe mai ƙarancin kabon, a farkon ambato kuma na ƙara da cewa masu sana'a mayil suke ce masa, don mai karatu ya iya saye.

Tsohon mai walda: Ƙarfen zubi ya yi. Ka ƙara musu cewa mai rufin zin, irin na kwanon rufi, kada su yi masa walda a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. In za su sayi bais kuma, abin da ake matse ƙarfe da shi a teburin aiki, na zubi yana tsagewa in ana dukansa da masaba.

Mai kishin harshe: Zubi dai tamu ce, na yarda da wannan. Sauran ban sa hannu ba. Bais kuma me? Mamatsi.

Mai fassara: Yana shafi na gaba, Malam. Bais na rubuta.