Laya a wuyan jariri: gunki ne ko ba gunki ba?

Ɗan Zango: Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Raina a ɓace yake. Na je suna gidan wani ɗan ƙungiyar mawaƙa, sai ga laya a wuyan jaririn, ɗinke da jar fata. Mu da muke cewa jinin Yesu ya fanshe mu! Wannan gunki ne. Ku duba Fitowa 32 a Littafi Mai Tsarki: saboda maraƙin zinariya mutum wajen 3,000 suka mutu rana ɗaya. Hukuncin Allah ba wasa ba ne.

Maman Rahila: Ɗana, gunki fa ka ce? Wa ka gani ya durƙusa wa laya? Kakar yaron ce ta ɗaura, kuma ita ba mai bi ba ce. So kake mai jego ta yi cacar baki da surukarta ranar suna?

Malamin Lahadi: Mama, ba sai an durƙusa ba. Macijin tagulla, Allah da kansa ya sa Musa ya ƙera shi, amma da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi. 2 Sarakuna 18:4.

Ɗan Birni: To, in haka ne, siffar Maryamu da 'yan Katolika ke kunna wa kyandir fa?

'Yar Katolika: Dama na san kanmu za a ƙare. Girmama ta muke, ba bauta ba. A Janairun 2015 da aka ƙone majami'u a Damagaram, wutar ta ware Katolika da ban?

Ɗan Birni: Yaya, kar ki kawo 2015 nan, kowa ya ji a jikinsa.

Maman Rahila: Kai ka ji a jikinka? Lokacin kana Yamai wajen karatu.

Ɗan Zango: Don Allah, maganar laya nake yi!

'Yar Katolika: Ɗan Birni ya janye kalmarsa tukuna.

Dattijo, mai kula da zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da na ga an tsaya a kai: laya gunki ce, Malam ya kawo aya kuma babu wanda ya karya ta. Ceto ta wurin alheri ne, Afisawa 2:8, ba ta abin da aka ɗinke cikin fata ba. Mama, tausayi ne ya rinjaye ki. Zancen siffar Maryamu kuwa, ni ma ban gamsu da amsar da aka bayar ba. Ɗan Zango, ka same ni bayan sujada ranar Lahadi, mu je gidan tare da Fasto.