Shawarwari kan tsara maƙalar tasirin kafafen yaɗa labarai

A tattaunawar da ɗalibai suka yi a Kaduna, shawarar da ta fi nauyi ita ce kada a jera marubuta, wane ya ce, wance ta ce. A fara da matsaya, misali cewa rediyo ya fi Facebook tasiri a karkara. Kowane sakin layi ya ɗauki hujja guda, majiyoyi biyu ko uku su yi muhawara a cikinsa, har da wanda ya saɓa maka. Wasu sun so a kwatanta Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da WhatsApp. A ganina hakan ya yi faɗi, gara a tsaya kan zaɓen 2023 kaɗai. Gabatarwa kuwa, a rubuta ta daga ƙarshe.