Awon ruwan rafi: me ya sa sakamakon ke canzawa haka?

Ɗan_Rafi:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Mu biyar ne muka haɗu aikin sa kai muna auna ruwan wani rafi da ke kusa da mu, duk sati biyu. Ran nan na je da sassafe oksijin ɗin ya ba ni miligiram 4 a lita, wani cikinmu ya je bayan azahar ya samu 9, wuri ɗaya fa. Kayan awon ne suka lalace ko mu ne ba mu iya ba? Har an fara musu a gurup wlh.

Malamin_Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Kayanku lafiya lau, ku bar musun. Rafin akwai gansakuka da yawa ko? In akwai to ita ce, da rana tana fitar da oksijin saboda hasken rana, da dare kuma ta koma tana shaƙa ita da duk halittun da ke cikin ruwan, shi ya sa gab da fitowar rana yake yin ƙasa sosai. Kuma ni 4 ɗin nan ta fi damuna, don in ya sauka ƙasa da 5 kifi ya fara wahala kenan, in ya kai 2 sai mutuwa. Ku tsayar da lokaci ɗaya, kuna rubuta zafin ruwan ma, tunda ruwa mai ɗumi bai riƙe oksijin kamar mai sanyi.

Uwar_Biyu:
Gaskiya Malam ya faɗa. Amma ni abin da na fi yarda da shi ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu ne, awon kwalba na wannan mintin ne kawai, su ko watanni suke yi a ciki, in an zuba wani abu da dare su za su tona. Ku ɗaga dutse ku wanke shi cikin farin roba ku duba, in ba komai sai jajayen tsutsotsi da matsattsaku to ruwan nan da matsala. Yarana ma sun fi son wannan ɓangaren, sai na yi da gaske suke fitowa.

Ɗan_Rafi:
Allah ya saka. Eh gansakuka kam ta yi kore shar, musamman ƙasa da inda ake noma a bakin rafin.

Malamin_Kimiyya:
To ku ƙara da awon naitiret da fosfet, sinadaran da ke cikin taki, takin zamani da ruwan sama ke wankowa shi ke ciyar da ita. Ku ɗebi ruwa a sama da gonakin ku ɗeba a ƙasa, rana ɗaya, sai kuma washegarin ruwan sama. Amma kar ku je ku tsare manoman da awo ɗaya, ku tara na wata shida tukuna.