Gasar rubuta manhaja ta ƙasa: ta zauna kan Python ko ta koma C++?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata mai shekara 16 ta tsallake zagayen makaranta, saura wata uku zagayen ƙasa. A yarukan rubuta manhaja, Python kawai ta iya. Malaminta ya ce ta koma C++ tun yanzu, ni kuma ina tsoron a yi biyu babu. Wanda ya taɓa shiga ya taimaka da shawara.

Ɗan Lissafi: Ta nemi abokai biyu masu ƙwaƙwalwa. Mutum uku ne, kwamfuta ɗaya, awa biyar.

Anti Zee: ICPC kake faɗa, gasar manhaja ta 'yan jami'a. 'Yar sakandare aka ce maka. Nasu kowa tasa ta fisshe shi. Tankaɗe da rairaya ake yi har a fitar da mutum huɗu da za su wakilci ƙasa a IOI, gasar manhaja ta duniya ta 'yan sakandare, wadda aka fara a Bulgeriya a 1989. Can kwana biyu ne, kullum tambaya uku cikin awa biyar, kuma C++ kaɗai ake karɓa.

Tsohon Ɗan Gasa: Kada ma a tuna min. Da Python na kai zagayen ƙarshe. Misalan da suka bayar duk sun fito daidai, ina turawa na'ura ta ce manhajata ta wuce lokacin da aka ware mata ta gama aiki. Makin ƙananan sassan tambayar kawai na tsira da shi, na gefena da dabararmu ɗaya ya kwashe cikakken maki 100. Duk da haka sunana ya fito a sansanin horo, sai wasiƙar ta kwanta a teburin shugaban makarantarmu har wa'adi ya wuce. Ko kuɗin rajistata ba a mayar ba.

Maman Sadiq: Wane kuɗi kuma? Mu ko sisi ba mu biya ba.

Tsohon Ɗan Gasa: Hajiya rasit ɗina yana nan.

Malam Kwamfuta: Ba laifin Python ba ne, dabararka ce mai nauyi. Gasar USACO ta Amurka kyauta ce ta intanet, tana karɓar Python, har daƙiƙa 4 take ba ta maimakon 2 na C++. Alhaji, 'yarka ta fara gwada kanta a can.

Tsohon Ɗan Gasa: Malam kai wace lamba ka taɓa ci?

Malam Kwamfuta: Ɗalibaina sun ci.

Ɗan Lissafi: Ta koma C++ ta kwana neman waƙafi mai ruwa (;) guda ɗaya da ta manta a ƙarshen layi 😂

Anti Zee: Ni zagayen intanet ɗin ma ya fita raina. Yaro bai san ko madauki (umarnin maimaita aiki a manhaja) ba, ya liƙa wa ChatGPT tambaya, ya haye kan masu wahala.

Maman Sadiq: Wallahi! A zaunar da su a zaure ɗaya a sa musu ido mu gani.

Baban Hanifa: Na gode. To ta koma ɗin ko ta bari?

Malam Kwamfuta: Anti, ko a zaure sai an karɓe wayoyi.