Muhawara: wanda ya ƙware a kayan kiɗa ɗaya, ya iya ɗan'uwansa ke nan?

Mai Jita: Jama'a, ga maganar da nake so mu tattauna, kuma ina tsaye a kanta. Duk wanda hannunsa ya faɗa a kan kayan kiɗa ɗaya, komawa kan ɗan'uwansa aikin 'yan makonni ne kawai. Jitar bes, wato jita mai kaurin murya, tana da tsirkiya 4 masu muryoyin da ake kira E, A, D da G, kuma su ne dai tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jita, sai dai an saukar da muryarsu ƙasa da oktaf guda, wato mataki takwas a jerin muryoyin kiɗa. Mandolin kuma, wata ƙaramar 'yar'uwar jita, ɗaurinta ɗaya da na bayolin, gogen Turawa, wato G, D, A, E. Idan yatsu sun riga sun san inda kowace murya take, me ya rage a koya? A ganina malamai ne suke kambama wahalar abin.

Malama Mai Bayolin: Malam, ban yarda ba, kuma zan kawo misali daga kayan da suka fi kowanne kama da juna. Bayolin da biyola, idan aka ajiye su nesa kaɗan, ba kowa zai bambanta su ba. Jikin bayolin yana da tsawon kusan santimita 35 da rabi, na biyola kuwa yakan kama daga 38 zuwa 43, kuma tsirkiyoyi uku daga cikin huɗu iri ɗaya ne, domin biyola tana da C, G, D, A. Duk da haka, ɗalibin da ya ɗauki biyola da hannun bayolin, sautin da zai fitar siriri ne mai shaƙewa, saboda tsirkiyar C mai kauri ba ta amsawa da wuri. Tana bukatar a sakar mata nauyin hannu tun daga kafaɗa, a ja bakan gogawa a hankali, a jira ta buɗe. Tazarar yatsu ma ta ƙaru, don haka ɗan ƙaramin yatsa yakan sauka ƙasa da inda ya kamata, muryar ta karkace. Sannan rubutun waƙar biyola yana kan wani mabuɗi dabam, wato alamar da ke nuna sunan kowace murya a rubuce, wanda ido zai sake koyon karantawa. Kama da wane ba ta wane.

Mai Jita: Malama, ai tarihi yana bayana. Paul McCartney ɗan jita ne, ya koma bes a 1961 lokacin da Stuart Sutcliffe ya bar ƙungiyarsu ta Beatles, kuma duniya ta san abin da ya yi da ita. Fela Kuti tirampet ya karanta a Kwalejin Kiɗa ta Trinity da ke Landan tun daga 1958, amma da saksofon da kibod aka fi saninsa, alhali waɗannan ba ma dangin juna ba ne.

Mai Saksofon: Ɗan'uwa, misalanka sun nuna cewa ana iya sauyawa, kuma babu wanda ya musa wannan. Abin da muke ja da shi shi ne batun 'yan makonni. Bari in yi magana a kan abin busa. Kilarinet da saksofon duka da fallen kara guda ake busa su, kuma Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya yi wa saksofon rajista a 1846, ya daɗe yana aiki a kan kilarinet kafin nan. To amma cikin saksofon yana buɗewa ne kamar mazurari, na kilarinet kuwa faɗinsa kusan ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma wannan bambanci ya shafi komai. A saksofon, idan ka danna maɓallin babban yatsa, muryar da kake busawa ita ce za ta hau sama da oktaf, yatsu ba su canza suna ba. A kilarinet, wannan maɓalli yana ɗaga murya da mataki 12, don haka yatsun da suka ba ka E a ƙasa, B za su ba ka a sama. Ga kuma ramukan kilarinet da yatsa ne da kansa yake toshe su, in ya bar 'yar kafa kaɗan sai ƙara mai tsinin gaske ta fita. Wanda ya fito daga kilarinet shi ma yana da tasa matsalar, domin ya saba matse baki, sai ya shaƙe saksofon, ƙananan muryoyi su ƙi fita. Sidney Bechet, makaɗin jaz na Amurka, ya haɗa biyun, ya kuma shahara da saksofon soprano, amma shekaru ya yi yana busa kafin a ji abin da aka ji.

Baba Mai Goge: 'Ya'yana, na karanta duka, kuma ina ganin kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Goge da kukuma 'yan gida ɗaya ne: ƙwarya ce da aka rufe da fata, da tsagiya, da bakan gogawa. Kukuma ta fi ƙanƙanta, muryarta ta fi sama, kuma tun da babu wata alama a jikin sanda da za ta nuna wa yatsa wurin sauka, kunne ne jagora. Mai goge zai ɗauki kukuma ya fitar da take a ranar farko, wannan gaskiyar Mai Jita ce. Amma duk wanda ya saurari Garba Liyo a kan goge, ya kuma saurari Ibrahim Na Habu ko Ahmadu Doka a kan kukuma, ya san cewa ba girman ƙwarya kaɗai ya raba su ba. Kukuma tana tafiya da muryar mawaƙi, tana amsa masa, tana ba shi wuri ya numfasa. Goge kuwa sau da yawa shi ne yake maganar da kansa, masu rawa suna binsa. Wanda ya kawo zafin goge cikin kukuma zai danne waƙar. Abin da ya fi daɗewa kafin ya zauna shi ne sanin aikin da kayan yake yi a cikin taron makaɗa, ba wurin ajiye yatsa ba.

Mai Jita: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan batu na aiki a cikin taro na karɓe shi, domin a bes ma haka yake: ɗan jita yakan cika wurin da muryoyi barkatai, alhali abin da ake so daga gare shi shi ne ya ɗaure da mai ganga, ya kashe kowace murya a lokacinta. Tsirkiyar bes ma ta fi tsawo, kusan santimita 86, ta jita kuwa kusan 65. Sai dai ina da tambaya ga masu cewa tsohon hannu cikas ne. Ali Farka Touré na Mali ya fara da kayan gargajiya masu tsirkiya ɗaya, gurkel da njarka, wadda ita ma gogawa ake yi, sai a 1956 ya ga Fodéba Keïta, makaɗin ƙasar Gini, yana kaɗa jita, ya koma kanta. Bai wanke hannunsa daga tsohon salo ba, ya ɗauke shi ya ɗora a kan jita, kuma wannan ne ya sa kiɗansa ya fita dabam. Da wani malami ya tsaya a kansa yana gyara shi, da an yi asarar abin.

Malama Mai Bayolin: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam, kuma ba zan raina ta ba. Amma ka lura da cewa Ali Farka shi ne mai waƙarsa, shi ya zaɓi yadda jitar za ta yi magana. Wanda zai zauna cikin ƙungiyar makaɗa huɗu ya kaɗa abin da aka rubuta wa biyola ba shi da wannan 'yanci, domin sautin da ake jira daga kujerarsa sananne ne. William Primrose ɗan Sikotland ya riga ya yi suna a bayolin kafin malaminsa Eugène Ysaÿe ya ba shi shawarar komawa biyola, kuma da ya koma, a 1930, komawa ya yi gaba ɗaya, ya mayar da ita sana'ar rayuwarsa. Akwai irin su Pinchas Zukerman da suke riƙe biyun a matakin ƙoli, amma ba su da yawa, kuma kowanne kayan suna ba shi nasa lokacin atisaye.

Ɗaliba: Malama, ni ban daɗe da fara bayolin ba, kuma sautin biyola ya fi kwanta mini a rai. Shin in jira sai na ƙware, ko in sauya yanzu?

Malama Mai Bayolin: 'Yata, idan zuciyarki tana kan biyola, ki koma yanzu, kada ki jira wata ƙwarewa, domin babu dokar da ta ce sai an bi ta bayolin. Abin da nake hana ɗalibaina shi ne yawo tsakanin biyun tun yatsu ba su zauna a ko ɗaya ba, saboda hannu yana auna tazara ne da sabo, kuma in kika ba shi ma'auni biyu a lokaci guda zai rikice. Ki nemi biyola daidai tsawon hannunki, wadda za ki riƙe ba tare da kafaɗa ta ɗaga ko wuyan hannu ya lanƙwashe ba, domin babbar biyola a ƙaramin hannu ciwo take jawowa. Ki fara da jan baka a kan tsirkiyar C ita kaɗai, ba tare da yatsu ba, har sai sautin ya cika.

Mai Saksofon: Ni a ɓangaren busa shawarata ta ɗan bambanta. Wanda yake da niyyar haɗa kilarinet da saksofon, gara ya fara da kilarinet, domin daga can zuwa saksofon hanya ta fi sauƙi, kuma manyan ƙungiyoyin jaz sun daɗe suna bukatar mai saksofon ya iya ɗaukar kilarinet ko sarewa a tsakiyar wasa.

Mai Jita: To, ni har yanzu ina kan cewa wanda ya sauya ya fi sabon shiga nisa ƙwarai, kuma ban ji wanda ya rushe wannan ba. Baba, ina so in ji daga gare ka ko haka abin yake tsakanin garaya da molo, inda ake ƙara tsirkiya ta uku.